Hannun Hagun Gena

Jinin da Rimma ta gani a tafin hannunta ba nata ba ne. Ta juya hannun, ta duba tsakanin yatsu, ta duba wuyan hannu, ko ƙwarzane babu. Tana zaune a bencin bakin filin wasan zamiya a kan ƙanƙara, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa. Sai ta ɗaga kai ta dubi Gena.

Yana can ƙarshen bencin yana goge ƙarfe mai kaifi da ke ƙasan takalminsa da tsumma, yana fito. Yatsan tsakiya na hannunsa na hagu a tsage yake, jini na ɗiga a kan wandonsa, shi kuwa ko kallon wurin bai yi ba.

"Gena, hannunka."

"Me ya same shi?" Ya duba na dama.

"Ɗayan."

Ya duba. Fiton ya tsaya. Ya ƙura wa yatsan ido kamar na wani ne aka ba shi ajiya, sannan ya bushe da dariya, ya naɗe shi da tsumman.

"Au, wannan? Ƙarfen takalminki ne, tsohuwa. Tun kina 'yar mitsitsiya kike yanka ni, sai yau za ki ji tausayina?"

"Ba ka ji zafi ba?"

"Doki yana jin zafi ne? Ke ce fa kika raɗa min sunan."

Ita ma ta yi dariya, amma iyakarta leɓe.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka haɗa su, shi yana da goma sha bakwai. A nan birnin Perm ne, a wannan filin, lokacin rufinsa bai fara yoyo ba. Mai horar da su, Klavdiya Zaharovna, ta kamo hannun yarinyar ta sa a na saurayin ta ce, "Ga ƙwai na ba ka. Ranar da ka fasa shi, kada ka dawo." Daga ranar Gena ya zama mai ɗaga ta. Yana gudu a kan ƙarfe mai kaurin bakin cokali, yana jujjuyawa, ita kuma tana sama da kansa, hannuwa a buɗe, tana yi wa alƙalai murmushi. Sun kwana a jiragen ƙasa, sun ci dafaffen ƙwai da busasshen burodi a tashoshi, ita rabin ƙwai ma ake ba ta don kada ta yi nauyi. Sau ɗaya suka hau dandamali a babbar gasa, suka karɓi lambar tagulla. Ba su taɓa cin zinare ba. Da gwiwarta ta ƙi, suka ajiye wasa, ita ta yi aure ta koma sayar da labule a wani shago, shi ya kama tuƙin motar raba burodi.

Amma akwai abu guda da duk mai wasan ƙanƙara a garin ya sani: Gena bai taɓa kayar da ita ba. Ko a gasa, ko a gwaji. Matarsa ta tafi, gashinsa ya zube, lambar tagullar ma ta ɓace a wani ƙaura da ya yi, wannan kaɗai ya rage masa, kuma ya riƙe shi gam.

Yanzu Klavdiya Zaharovna za ta cika shekara tamanin. An shirya mata biki a filin, tsofaffin ɗalibanta za su fito kowa ya yi abin da ƙasusuwansa suka yarda. Abu ɗaya ta roƙa da bakinta: ta sake ganin ɗagawar Rimma da Gena. Ita ce wadda yake tura ta sama da hannu biyu, in ta daidaita sai ya janye na dama, ya bar ta tana lilo a kan na hagu kaɗai.

A kan na hagu kaɗai. Abin da Rimma ta yi ta nanatawa ke nan a cikin bas ranar, tana kallon kogin Kama da ya daskare.

Akwai wata doka tsakanin duk 'yan biyu-biyun da suka fito daga hannun Klavdiya Zaharovna. Kafin mace ta yi tsalle, sai ta matse hannun namijin. Tambaya ce: ka shirya? Shi kuma sai ya danna babban yatsansa a tafin hannunta: taho. In babu amsa, babu tsalle. In babu tambaya, babu amsa. 'Yan kallo ba sa gani, alƙalai ba sa gani, abu ne na ƙiftawar ido.

Rimma tana nan ranar da aka haifi dokar. Tana 'yar shekara goma sha biyu, tana jingine da katangar fili tana jiran a kira su, Lida ta yi tsalle kafin abokinta ya kafa ƙafa. Lida ce yarinyar da ta fi kowa kyau da iyawa a garin. Ƙarar da kanta ya yi a kan ƙanƙara, kamar an saki tulu cike da ruwa, har yau Rimma tana jin ta in aka yar da wani abu mai nauyi a shago. Lida ba ta mutu ba. Ta rayu, tana jan ƙafa, magana tana fito mata ɗaya-ɗaya kamar ana tatso ta. Ƙanwarta ce ke yanka mata nama a faranti.

Bayan ranar jinin, Rimma ta fara lura, kuma da ma ba ta fara ba.

Wata safiya Gena ya shigo daga waje, sanyi irin wanda yake manne gashin hanci, hannunsa na dama da safa, na hagu tsirara, ya yi fari fat.

"Ina safarka?"

Ya duba. "Shegiya, ta gudu. Ita ma ta gaji da ni, kamar matata."

Igiyar takalmi kuma, da can a tsaye yake ɗaure ta yana ba da labari. Yanzu sai ya juya mata baya, ya sunkuya, ya daɗe. Abin da ya fi tsinka mata zuciya shi ne kiɗa. Da can ko a farfajiyar otal yakan ɗaga ta, ko a kan dandalin tasha don ya ba fasinjoji dariya. Yanzu in rikoda ta tsaya, shi ma ya tsaya.

"Mu gwada haka nan mana, ba sai an kunna ba," ta ce masa wata rana.

"Ni ba na rawa ba kiɗa. Na tsufa, sai an lallashe ni."

Sannan amsar. Tana zuwa, ba ta taɓa fashi ba, yatsansa yana danna tafin hannunta daidai inda ya saba. Amma sau ɗaya ta ji kamar amsar ta riga tambayar. Kaɗan ne, bai kai numfashi ba. Ta ce wa kanta ƙila ita ce ta yi nawa. A kan ƙanƙara hannu biyu suke tsayawa, domin Klavdiya Zaharovna ta ce tsofaffin kafaɗu sau ɗaya za su iya na hannu ɗaya, a adana shi sai ranar biki. A kan katifa suka gwada shi, da igiya a ƙugunta, kuma ya riƙe ta. Ya riƙe, amma ta ji hannun a ƙarƙashinta kamar icce. Hannun Gena da ta sani yana magana, yana gyara ta, yana bin nauyinta duk inda ya karkata. Wannan shiru yake.

Ta same shi a wurin shan shayi, ta zauna kusa da shi.

"Gena, don Allah gaya min gaskiya. Hannun nan lafiyarsa ƙalau?"

Ya ajiye kofin a hankali. Dariyar nan tasa ba ta zo ba.

"Rimka," ya ce, sunan da yake kiranta da shi tun tana yarinya. "Na taɓa kayar da ke?"

"Ba ka taɓa ba."

"Ranar da na yi wasa da zazzaɓi a birnin Riga fa? Ranar da haƙarƙarina ya tsage?"

"Ba ka taɓa ba, na ce."

"To me ya kawo maganar? In tsoro kike ji, ki ce tsoro nake ji. Ba abin kunya ba ne, kin zama kaka. Amma kada ki ɗora wa hannuna."

Ya ɗauki ɗan burodinsa mai cushen kabeji ya fita. A wurinsu babu zagin da ya kai mace ta tambayi lafiyar hannun mai ɗaga ta, kuma Rimma ta san haka kafin ta buɗe baki.

Ta je wurin Klavdiya Zaharovna. Tsohuwar tana zaune a bakin fili cikin tsohuwar rigar gashinta, bargo a cinya, sanda a hannu, tana yi wa wasu 'yan mata tsawa.

"Klavdiya Zaharovna, in muka bar shi a hannu biyu fa? Ai ba wanda zai..."

"Ni zan sani." Ko juyowa ba ta yi ba. "Me na koya miki game da tsoro?"

"Nauyi gare shi."

"Nauyi gare shi. Mace mai shakka ta fi buhun dankali nauyi. Ke ce za ki karya masa hannu da wannan fuskar. Wani abu ya faru ne?"

Rimma ta buɗe baki. Jini, safa, igiya, kiɗa. In ta faɗa, za a kira Gena gaban tsohuwar, a ce ya miƙo hannu, a gaban yara. In kuma ta yi kuskure fa? Za ta ƙwace wa mutum abu ɗaya da ya rage masa saboda safar hannu.

"Babu komai," ta ce.

"To je ki miƙe bayanki, kin rankwafa kamar mai tallar wake."

Hanyar sani ɗaya ce, kuma Rimma ta gano ta tun da wuri. Ta ƙi tambaya. In ba ta matse ba kuma amsa ta zo, to ba hannunta yake ji ba, kiɗa yake ƙirgawa. Kullum da niyyar haka take shiga fili. Kullum in kiɗan ya kai wurin, yatsunta sai su matse da kansu kafin ta tuna. Sabo turken wawa. Ko kuwa dai ba sabo ba ne kaɗai, ba ta so ta sani ne.

Ranar biki da rana aka fara. Fili ya cika, tsofaffin 'yan wasa masu tumbi da furfura, jikokinsu, furanni a cikin leda. Rimma ta tsaya a ƙofar shiga cikin shuɗiyar riga da ta ɗinka da kanta. Gena ya zo ya tsaya a gefenta, ya yi aski, yana ƙamshin turare mai arha.

"Kai, tsohuwa, kin yi kyau. Saura kaɗan in yi nadamar ban aure ki ba."

"Da ka mutu da yunwa, Doki. Ban iya miya ba."

"Cire marfin takalminki, kada ki kunyata ni tun daga ƙofa."

Ta sunkuya ta zare marafan robar da ke kare ƙarafan. Da ta ɗago sai ta ga Lida. An zaunar da ita a layin gaba, kusa da kujerar Klavdiya Zaharovna, da hular ulu, kanta a ɗan karkace. Ta hango Rimma, ta ɗaga hannu a hankali, tana ƙoƙarin haɗa murmushi da rabin bakin da ke motsi.

Aka kira sunansu. Aka kunna kiɗa.

Farkon ya tafi daidai. Ƙafafu sun tuna abin da kai ya manta. Suka zagaya filin, ƙarafansu na yanka ƙanƙara da murya ɗaya, mutane na tafi. Rimma ba ta jin tafin. Fitilu take gani a can sama, tana auna nisan da ke tsakanin kan Gena da ƙasa, ta ƙara tsawon hannunsa a kai. Suka juya suka fuskanci juna, ya kama hannuwanta biyu, suka ɗauki gudu. Ɗagawar daidai gaban kujerar tsohuwar aka tsara ta. Wato daidai gaban Lida.

Kiɗan ya fara hawa. Rimma ta san wurin, goge ne yake ja sama, sannan ganga. Ta ji yatsunta na dama sun fara lanƙwashewa da kansu. Ta bayan kafaɗar Gena ta hango hular ulu tana matsowa. Ta cije leɓe har ta ji gishiri, ta sandarar da hannun, ta bar shi a cikin nasa kamar mataccen kifi.

Ba ta matse ba.

Ganga ta buga. Babban yatsan Gena ya danna tafin hannunta. Taho.

Ya riga ya durƙusa, ƙarfinsa duka ya taru a cinyoyi, yana dubanta da fuskar nan ta mutum mai tabbaci. Babu lokacin magana. In ta tashi, zai janye hannun dama, ta rage a kan iccen da bai san tana kai ba. In ta ƙi tashi, zai tura sama da dukkan ƙarfinsa ya tarar da nauyin da bai shirya masa ba.

Ta fizge hannuwanta, ta faɗa ƙirjinsa, ta rungume wuyansa.

Ya miƙe da ƙarfin da ya tara, babu abin da zai tura. Ƙafafunsa suka tafi gaba, shi ya tafi baya. A cikin faɗuwar nan Rimma ta ji hannunsa na dama ya zagaye bayanta, ya danne kanta a ƙirjinsa, ya murɗa jikinsa don ya zama shi ne a ƙasa. Haka aka koya musu tun suna yara: namiji ba ya ceton kansa. Bayansa ya daki ƙanƙara, numfashi ya fita daga bakinsa da ƙara. Suka zame a haka, a manne, har suka bugi katangar.

Fili ya yi tsit, sai kiɗan da ke ta tafiya shi kaɗai.

Rimma ta ɗago. Ta taɓa kanta, ta motsa wuya, ta motsa yatsun ƙafa. Sannan ta taɓa ƙeyar Gena, ta duba hannunta. Babu jini. Idonsa a buɗe yake, yana kokawa da numfashi.

"Kin... haukace ne?" ya ce da ƙyar. "Na ba ki amsa. Na ba ki!"

"Ban tambaya ba, Gena."



Ta kamo hannunsa na hagu, ta riƙe shi a bayan cinyarta inda ba zai gani ba, ta nutsa faratanta a ciki da duk ƙarfinta.

"Me nake yi yanzu?"

Ya dubi fuskarta yana neman amsar a can. Ya kawar da kai ya kalli fitilu.

"Tun bazara," ya ce. "Yana zuwa yana tafiya. Ƙarfin yana nan, na rantse miki, ƙarfin yana nan. Da na riƙe ki."

"Ƙila."

"Da na riƙe ki, Rimka."

Daidai saman kansu, ta kan katangar, fuskar Lida ce ta leƙo. Ta taso da kanta daga kujera, ta dafa katako da hannu biyu, idanunta sun firfito, bakinta na ta motsi.

"Ka... kai?" ta ce. "Kan... ki?"

"Lafiya lau, Lidochka. Duba. Bai taɓa ƙasa ba."

Gena ya dubi Lida. Ya daɗe yana dubanta, tun daga hular har zuwa hannuwan da ke dafe da katako. Bai sake cewa da ya riƙe ba.

Sandar Klavdiya Zaharovna ta bugi katangar. Fuskar tsohuwar ta yi fari, ta dubi hannun da Rimma ke riƙe da shi, ta ga sawun farata huɗu da jini ya fara cikawa. Amma muryar tana nan yadda suka san ta.

"An kashe kiɗa ne? Wa ya ce ku kwanta min a fili? Ku tashi ku gama."

Rimma ta miƙe. Gena ya juya, ya durƙusa, ya tashi a hankali yana dafe da ƙugu. Ya miƙo mata hannun hagu yadda ya saba tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta zagaya ta bayansa ta tsaya a damansa, gefen da ba ta taɓa tsayawa ba.

"Ban iya ta nan ba," ya ce.

"Ni ma haka. Gobe da safe asibiti, kuma ni zan kai ka. In ka yi min gardama, na gaya wa kowa kuka ka yi."

"Muguwar tsohuwa."

Ta kama hannunsa na dama, ta matse. Ya ɗan jima, kamar mai sauraren muryar da ya daɗe bai ji ba, sannan babban yatsansa ya danna tafin hannunta.

Suka tura ƙafa. Ba su daidaita ba, kafaɗunsu na ta karo kamar sababbin shiga, kuma har suka kai ƙarshen filin Rimma ba ta yarda ta ɗaga ido ta kalli fitilun nan na sama ba.